Ƙudurin Janairu da ba ya kai Fabrairu: kurakuran da muke yi kan lafiyar ƙwaƙwalwa

A shafin farko na wani tsohon littafina na lissafin cefane akwai layuka uku da na rubuta a wani daren 31 ga Disamba, da jan biro, har da ja musu layi a ƙasa: "Bana ba zan ƙara sa damuwa a raina ba. Bana na daina fushi. Bana sai farin ciki." Sati biyu bai cika ba mai gidan haya ya aiko yaro, makaranta ta turo takardar kuɗin zango na biyu, hunturu kuma ya kwantar da ƙaramar 'yata da tari. Na yi fushin, na yi damuwar, sannan na ɗora musu na uku, wato haushin kaina, tunda ni na ɗauki alkawarin da hannuna babu wanda ya tilasta ni.

Na daɗe ina ganin raunina ne, ashe layukan ne ba su da kai. Zuciya ba ta karɓar oda. Kamar yadda ba za ka ce wa zazzaɓi ya sauka don an shiga sabuwar shekara ba, haka ba za ka ce wa fargaba ta tattara ta tafi ba. Wannan shi ne kuskuren da ya haifi sauran: mutum ya ɗauki abin da yake so ya ji a ransa ya mayar da shi ƙuduri. Ƙudurin da ke tsayawa shi ne wanda hannu ko ƙafa za su iya yi, wanda in dare ya yi za ka iya cewa na yi ko ban yi ba. "Zan rage damuwa" ba shi da ranar farawa. "Bayan la'asar zan taka da ƙafa na minti ashirin, Litinin da Laraba da Asabar" yana da ita. "Na daina fushi" magana ce. "In raina ya ɓaci a gida zan fita tsakar gida in yi alwala kafin in ba da amsa" aiki ne, kuma ko ranar da fushin ya zo, kana da abin da za ka cika.

Daga nan sai haɗama. A dare ɗaya mutum ya rubuta zai fara motsa jiki, ya bar TikTok, ya sauke Alƙur'ani duk wata, ya daina shan zaƙi, ya fara adashi, ya shirya da duk wanda suka ɓata. Wanda bai saba ɗaukar tiya ba ya kinkimi buhu. Akwai kuma wata magana da ke yawo cewa kwana 21 ya isa ɗabi'a ta zauna. Binciken da aka yi a wata jami'a a Landan, wanda aka buga a 2009, ya nuna cewa a matsakaici abin kan ɗauki kwana 66, wasu 18 ya ishe su, wasu kuma sai da lissafinsu ya kai 254. Wanda ya sa ran kwana 21, ya wayi gari a na 22 yana jin abin da nauyi kamar ranar farko, sai ya ce shi dai ba a yi shi don wannan ba. Alhali bai kai rabin hanya ba.

Mu kam ba ma buƙatar zuwa Landan neman wannan darasi. Hadisin Nana A'isha da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Ɗauki abu ɗaya, in ya yi yawa biyu. Kuma kada ka rataya shi a iska, ɗaure shi a jikin abin da ka riga ka saba. Muna da turaku biyar a kowace rana da ba sa gushewa: asuba, azahar, la'asar, magariba, isha'i. "Da safe" kan zame ya zama hantsi, hantsi ya zama gobe. "Da na sallame asuba" ba ya zamewa.

In za a tambaye ni wane abu ɗaya ne, zan ce barci, domin shi ne aka fi mantawa da shi a jerin ƙudurori, kuma shi ne ke riƙe da sauran. Babban mutum yana buƙatar awa 7 ko fiye. Yi lissafi da kanka: wanda ya ajiye waya ƙarfe 1 na dare, ya tashi asuba wajen 5 da rabi, awa 4 da rabi ya samu. Ya yi haka kwana biyar a jere, sai ka ga ƙaramin abu na tunzura shi, yaro ya zubar da koko ya yi masa tsawar da ta fi laifin, magana kaɗan a kasuwa ya kwana yana juya ta. Sai ya rubuta "zan daina fushi", alhali barci yake bin sa bashi.

Gyaran ba ya son dabara mai yawa. A tsayar da lokacin kwanciya, a matso da shi baya da rabin awa a sati, ba tsalle ɗaya daga ƙarfe 1 zuwa 9 ba. Waya ta kwana a wajen caji nesa da katifa. Goro da shayi mai kauri da kofi da lemon ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin da ke hana barci, wanda kusan rabinsa ke nan a jiki bayan awa 5, don haka wanda ya zauna teburin mai shayi bayan isha'i ya sha kofi biyu, kada ya zargi tunani in idonsa ya bushe. Ƙailula tana da amfani in ta tsaya a minti ashirin ko talatin, amma wadda ta miƙe har la'asar daga barcin dare take ci. Masu aikin dare da masu jego tsarinsu daban ne, kada su auna kansu da wannan ma'auni. Abin da za su nema shi ne wanda zai karɓe su na awa biyu ko uku su runtsa.

Motsa jiki ma haka ake lalata shi da girman kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Ba ta ce sai an biya kuɗin gidan motsa jiki ko an sayi kambas ba. Sauka daga Adaidaita tun kafin a kai layinku. Matar da ba ta cika fita ba, zagayen tsakar gida da sauri bayan an gama wanke-wanke ma lissafi ne.

Sai ranar fashi. Za ta zo, ko don baƙi, ko rasuwa, ko kasala zalla. Kuskuren shi ne a ɗauke ta a matsayin hukunci, a ce tunda na karya shi ke nan sai baɗi. Binciken nan na Landan ya gano cewa tsallake rana ɗaya ba ya rushe ɗabi'ar da ake ginawa. Wanda ya makara sallar asuba ba ya cewa ya bar salla sai wata shekara. A kuma tuna cewa a shekarun nan azumi na shigowa ba da nisa da Janairu ba, zai birkita lokacin barci da ci da komai. A zauna tun a Sha'aban a sake wa ƙudurin wuri, in kiɗa ya canza rawa ma ta canza.

Akwai wani sabon salo da nake gani duk ƙarshen Disamba a shafukan sada zumunta: "Bana duk wanda ba ya ƙara ni da komai na yanke shi." Ana rubuta shi da hoton zaki. Ban musa cewa akwai alaƙar da rabuwa ce maganinta ba, musamman inda ake duka ko wulaƙanci, wannan kam a nemi manya da hukuma. Amma yawancin waɗanda ake barazanar yankewa 'yan uwa ne da za a haɗu da su a suna ranar Juma'a, da surukai, da maƙwabcin da katanga ɗaya ta raba ku. Ba za su yanku ba, kuma kaɗaici kansa abokin ciwon damuwa ne. Abin da mutum ke nema a gaskiya iyaka ce, kuma ana sa ta ba tare da an ɓata zumunci ba. Ka ware abin da za ka iya taimakawa da shi a wata, in ya ƙare ka ce, "Kawu, wallahi na wannan watan ya fita, in Allah ya kai mu wani zan tuna da kai." Ki zaɓi bikin da za ki yi wa anko, sauran ki je da atamfar da kike da ita ki yi Allah sanya alheri. Zauren WhatsApp da ba a komai sai gardama da hotunan gawa, a kashe masa ƙara. Kunya za ta ɗan kama mutum karo na farko da na biyu, daga nan mutane su saba.

Tunda an taɓo kuɗi: wani lokacin abin da ake kira damuwa bashi ne kawai da ba a taɓa zama an lissafa ba. Rubuta shi duka a takarda ɗaya, na wane nawa, na wane nawa, ka je wurin wanda ka fi gudun haɗuwa da shi ku yi magana. Adadin da aka rubuta bai cika kai wanda ke yawo a kai da tsakar dare tsoro ba.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne ɗaukar ciwo a matsayin rashin himma. Akwai damuwar yau da gobe da barci da tafiya da hira ke sassautawa, akwai kuma ciwon damuwa da ba ya jin ƙuduri. In mutum ya yi sati biyu ko fiye kusan kullum cikin ƙunci, abin da yake jin daɗinsa da ya fita daga ransa, barci ko cin abinci ya rikice, jiki ya mutu, yana ganin kansa ba shi da wani amfani, to wannan ba aikin jan biro ba ne. Haka mai jegon da kuka da tsoro suka ƙi barin ta bayan sati biyu da haihuwa. Ƙudurin irin wannan mutum guda ɗaya ne: ranar kaza zan ga likita, wane ne zai raka ni.

Abin da ke tare hanya sananne ne. Za a ce ka yi haƙuri, za a ce raunin imani ne, za a ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma Annabi Yaƙub ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari, kuma shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki ake kiranta a tarihin Manzon Allah. Addu'a da azkar ba sa rigima da asibiti. Mai ciwon suga yana addu'a yana kuma shan maganinsa, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu.

Sai tsoron sunan wurin, wato asibitin ƙwaƙwalwa. A Kano da an ce Dawanau sai a yi dariya, haka Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato. Amma yawancin masu zuwa waɗannan asibitoci ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida a ranar, kamar kowane asibiti. Akwai irinsa na tarayya a Maiduguri, asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano suna da sashen ƙwaƙwalwa, haka babban asibitin ƙasa na Yamai. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa, sabuwar kuma ta tanadi kare mutuncin mara lafiya da haƙƙinsa. Aiki da ita a ƙasa yana tafiyar hawainiya, likitocin fannin kuma 'yan ɗaruruwa ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, don haka a shirya wa layi, ko a fara da likitan babban asibiti mafi kusa, shi zai tura gaba in da buƙata.

Akwai wasu kurakurai biyu da suke da haɗari na musamman. Ɗaya shi ne wucewa kemis a ce a ba ni na barci, ko abokin majalisa ya miƙo tiramol don a ji ƙarfi. Da yawa daga cikin waɗanda shaye-shaye ya ci, daga neman sauƙin damuwa suka faro, kuma ba banza gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 ba. Ɗayan shi ne mai shan maganin likita ya ce, "Bana na bar ƙwaya, na warke." Maganin ciwon damuwa kan ɗauki sati biyu zuwa huɗu, wani lokaci fiye, kafin a ji aikinsa, kuma likitoci kan so a ci gaba da shi aƙalla wata shida bayan an ji sauƙi. Yanke shi dare ɗaya na iya kawo jiri da rashin barci, ya kuma dawo da ciwon. Mai son ragewa, ko mai son sauya lokacin sha saboda azumi, ya kai maganar gaban wanda ya rubuta masa.

Wanda kuwa tunanin kashe kansa ya fara zo masa, ko ya ji ɗan uwansa na cewa gara ya mutu ya huta, wannan ba ya jiran Litinin, balle sabuwar shekara. A faɗa wa wani a yau, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da fiya-fiya da ƙwayoyi daga ɗakin, a kai shi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.

Ranar ganin likita a tafi da 'yar takarda, domin baki kan mutu a gaban tebur: yaushe abin ya fara, awa nawa ake barci, me ake sha har da na gargajiya da na kemis, ko an taɓa yin irinsa a baya ko a dangi. In an rubuta magani a tambayi sunansa, da abin da zai iya sa wa jiki a satin farko, da ranar dawowa, a rubuta ranar a bayan katin kafin a bar harabar.