Yadda iyaye mazauna Ingila da Amurka za su yanke shawara idan matashi ya nemi zuwa liyafar da ake shan giya

Iyayen da ke renon 'ya'ya a Ingila ko Amurka sukan fuskanci wata tambaya da ba kasafai take tasowa a Kano ko Damagaram ba. Yaro ɗan shekara 16 zai ce abokan makaranta sun gayyace shi liyafa, za a sha giya, kuma iyayen abokan sun san da zancen. Ga Musulmi hukuncin giya a bayyane yake a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, amma duk da haka sai uba ya san abin da zai faɗa wa ɗansa, musamman da yake maƙwabta da abokan aiki sukan ce gara yaro ya ɗanɗana a gaban iyayensa da ya sha a ɓoye.

Ku fara da sanin dokar inda kuke zaune, domin da ita yaron zai kafa hujja. A Amurka, dokar tarayya ta 1984 ta sa jihohi sun mayar da shekarun sayen giya 21, kuma jihohi da dama suna hukunta babban da ya bari ƙananan yara suka sha a gidansa. A Ingila sai mai shekara 18 yake saye, amma ɗan 16 ko 17 yana iya shan wasu nau'o'in giya tare da abinci a gidan cin abinci idan babba ne ya saya kuma yana tare da shi. Saboda haka idan ɗanku ya ce doka ba ta hana ba, mai yiwuwa gaskiyarsa ce, kuma musa masa zai rage ƙimar sauran maganarku.

Shawarar a bar yaro ya koya a gida ita ce ta fi buƙatar a tsaya a kanta, domin tana da daɗin ji. Masu bincike a Ostireliya, ƙarƙashin Richard Mattick, sun bi matasa kusan 1,900 tsawon shekara shida, suka buga sakamakon a mujallar Lancet Public Health a 2018. Ba su ga wata kariya da matasan da iyayensu ke ba giya suka samu ba, hasali ma su ne suka fi neman ta a wasu wuraren daga baya. Tun a 2009 babban jami'in lafiya na Ingila ya ba da shawarar cewa ƙuruciyar da babu giya a cikinta ita ce mafi lafiya, kuma sashen ƙwaƙwalwar da ke auna haɗari ba ya gama ƙosawa sai mutum ya haura shekara 20. A ganina amsar a nan "a'a" ce, kuma ya kamata uwa da uba su faɗe ta da baki ɗaya.

Zuwa liyafar kuwa magana ce daban, wadda ake yanke ta gwargwadon halin yaron. Ku kira iyayen mai gayyatar ku tambaya ko akwai babban da zai kasance a gidan, da ƙarfe nawa za a tashi, da wanda zai tuƙa yaran zuwa gida. Wanda ya ƙi ba ku amsa madaidaiciya ya sauƙaƙa muku hukunci. Idan kun amince ya je, ku taimaka masa ya shirya abin da zai ce idan an miƙo masa kofi, domin "ba na sha" a taƙaice ya fi dogon bayani aiki.

Kafin ya fita, ku yi masa alkawari cewa duk lokacin da ya kira, ko da tsakar dare ne, ko da ya riga ya sha, za ku je ku ɗauko shi, faɗa kuma sai da safe. Wannan alkawari yana yi wa iyayenmu nauyi, amma yaron da ke tsoron fushin babansa shi ne yake shiga motar wanda ya bugu. Ku kuma koya masa cewa idan abokinsa ya sha har ya kasa farkawa, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ya kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa don kada amai ya shaƙe shi, ya kira 999 a Ingila ko 911 a Amurka, kuma kada ya bar shi shi kaɗai har masu agaji su iso.