Kurakuran ɗuri da ke fasa tsohuwar bindiga

Damagaram ba baƙuwar albarushi ba ce. Tun zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ake haɗa shi ana ƙera igwa a Birni, kuma har gobe ƴan bindiga na buga adaka a hawan salla. Sabo ne ke sa mutum ya daina jin tsoron abin da ke hannunsa, alhali bindigar da ta fashe ba ta barin yatsu ko ido.

Kuskure mafi muni shi ne musanya albarushi. Adaka da bindigar Gras ta 1874 da Faransawa suka shigo da ita, duk don baƙin albarushi mai hayaƙi aka yi su. Marar hayaƙin, wanda Bafaranshe Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884 aka fara aiki da shi a bindigar Lebel ta 1886, matsin da yake tayarwa ya wuce abin da tsohon ƙarfe zai ɗauka. Wani zai ɓare harsashin zamani ya juye garinsa cikin adaka, wai don ta ƙara ƙara. Wani ya kankare kan ashana. Babu wani awo na waɗannan da ba shi da haɗari, komai ƙanƙantarsa. Garin da ba ka san asalinsa ba kuwa, kada ya shiga bindigarka ko da kyauta aka ba ka.

Sai ɗuri biyu. Mutum ya ɗura ya jingine, salla ta zagayo ya manta ya sake ɗurawa. Maganinsa sauƙi gare shi: zura sandar ɗuri lokacin da bindiga ke wayam, ka yi mata shaida daidai baki. Duk ranar da shaidar ta tsaya sama, akwai abu a ciki. Wannan sandar ce kuma za ta tona maka ginin zanzaro, ko yashin da iskar hunturu ta tara, ko tsumman da aka toshe baki da shi. Idan ka ɗura, dalma ta zauna daram a kan albarushi; sarari tsakaninsu yana kumbura bututu, wani lokaci ya tsaga shi. Kada ka zuba daga gora kai tsaye bayan bugu, don tartsatsi kan saura a ciki. Auna a ma'auni daban, fuskarka nesa da baki.

Masu bindigogin harsashi nasu kuskuren daban ne: "ai ya shiga". Shiga ba dacewa ba ce. Sojan Faransa da kansa ya gajarta harsashinsa mai kaurin milimita 7.5 a 1929, saboda na bindigar Mauser ta Jamus mai milimita 7.92 yana iya zama a gurbinsa ya fasa makami. Bindigar Lebel ko ta Berthier da ba a buga wa harafin N ba, ba a sa mata harsashin Balle N na 1932. A bindigar farauta kuma, harsashi mai lamba 20, da yake ya fi siranta, yakan zurma cikin bututun mai lamba 12 ya maƙale, a sa wani a bayansa. Shi ya sa ba a haɗa iri biyu a aljihu ɗaya. Kwanson da ya tsage ko ya yi kore, ba a sake cika shi.

Idan ka ja kunama ta ƙi tashi, kada ka leƙa, kada ka juya wajen abokinka kana tambaya. Bar bakin yana kallon inda ba kowa, ka jira aƙalla minti ɗaya. In kuwa ta tashi da ƴar ƙara marar ƙarfi, dakata nan: harsashin na iya tsayawa a tsakiyar bututu.

Abin da ya fi damuna shi ne bindigar gado. Ana ganin girman kaka ne ba a ganin tsatsar da ta cinye ta daga ciki. Kumburi, tsagewa, ko walda a jikin bututu, kowanne ya isa a daina bugawa, kuma ɗaure wurin da waya ko fata ba gyara ba ne. Bututun da aka yi da bututun ruwa tun farko ba na wuta ba ne. Kai wa maƙerin da ya san bindiga ya duba. In ya ce ta gama, a tabbatar babu ɗuri a ciki, a shafa mata mai a rataye inda yara ba sa kaiwa, albarushin kuma a ajiye shi a wani ɗakin daban, nesa da murhu.