Yadda Ake Mayar da Littafin da Aka Yi Fim da Shi Zuwa Murya da Rubutun Makafi

Da zarar sabon fim ya fito aka ce daga littafi aka ciro labarinsa, sai neman littafin ya tashi. Mai gani zai saya ko ya ara. Makaho kuwa sai ya jira wani ya samu sukunin karanta masa, kuma sau da yawa a babi na uku mai karatun ke gajiya. Fim ɗin ma ba ya ƙosar da shi, domin inda 'yan wasa suka yi shiru kiɗa na tashi, nan labarin ke kuɓuce masa. Littafi shi ke faɗin abin da ido ya gani.

In littafin na Turanci ne, kada a yi gaggawar naɗa, a fara da cigiya. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka yana da sashen makafi tun 1931, ƙungiyar makafi ta RNIB da ke Ingila tana yin littattafan murya tun 1935, kuma tun 2014 hukumar WIPO, mai kula da haƙƙin mallaka a Majalisar Ɗinkin Duniya, take da shirin da ke haɗa laburaren makafi na ƙasashe su riƙa musayar littattafai. Ta hannun makaranta ko ƙungiyar makafi ake shiga. Amma littafin Hausa, tun daga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka yi fim ɗinsa a 1976 har zuwa littattafan soyayya na Kano da suka koma fina-finan bidiyo, da wuya a same shi a waɗannan wurare. Sai dai a zage damtse a yi.

Izini tukuna

Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017 kuma ta shigar da ita cikin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, ta ba cibiyoyin da ke hidimar makafi damar sauya wa littafi siga ba tare da neman izini ba. Sharuɗɗan su ne a samu littafin ta halal, kada a canja komai sai abin da sauyin ya tilasta, a ba masu larurar kawai, kuma ba don riba ba. Wanda ya ɗora karatun a YouTube ko ya tura shi kasuwar masu turi ya fita daga wannan rumfa. Sannan yarjejeniyar rubutu ta shafa da hotunan da ke cikinsa, ba fim ba, saboda haka kada a tsinko waƙar fim ɗin a liƙa a farkon babi. In marubucin na raye, a kira shi. Banda ladabi, wataƙila ya ba da fayil ɗin da aka buga littafin daga ciki, wanda zai rage aikin makonni.

Gyaran rubutu, inda rabin aikin yake

Daga fayil guda za a fitar da murya da Braille, wato rubutun makafi mai ɗigo masu tudu, don haka kuskuren da ya kwana a cikinsa sau biyu zai fito. In babu fayil, a ɗauki hoton shafukan da sikana a kan 300 dpi, manhaja ta mayar da su rubutu, sannan mutum ya bi layi-layi da littafin a hannu. Manhajojin nan ba su saba da baƙaƙe masu lanƙwasa ba: ƙ takan koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b ko ma lamba 6. Littattafan kasuwa da yawa ma tun asali babu lanƙwasar a cikinsu. Mai gani yakan wuce da hasashe, amma yatsa harafi ɗaya yake taɓawa a lokaci guda, in ya ci karo da "kare" a wurin "ƙare", ko "kafa" a wurin "ƙafa", sai ya koma farkon jimla.

Akwai wani tarko da ba a cika lura da shi ba: alamar da ke gaban 'ya'ya da 'yan. Word yakan juya ta ta zama alamar buɗe zance, manhajar Braille kuma ta fassara ta a haka. A kashe wannan gyaran kai-tsaye, a bi duka a daidaita su. In rubutun na Nijar ne mai ƴ, a tabbatar manhajar ta san harafin. Kowane babi a sa masa kanun gaske na Word, ba ƙara girman harafi kawai ba, kuma a bar lambobin shafin littafin asali a cikin rubutun, don ɗalibi makaho ya iya bin malami in an ce a buɗe shafi na 57.

Naɗar murya

Ɗaki ya fi makirfo muhimmanci. Ƙaramin ɗaki mai labule da darduma, a jingina katifa a bango, mai karatu ya fuskanci durowar kaya a buɗe. Ɗakin da babu komai sai siminti amsa-kuwwa yake yi, kuma babu manhajar da ke cire ta tsaf. A kashe fanka da firji, a guji lokacin da janareton maƙwabta ke aiki, da damina kuma kada a naɗa ƙarƙashin rufin kwano in hadari ya haɗu. A tsara zaman tsakanin lokutan kiran salla.

Makirfon USB ya wadatar, wayar hannu mai kyau ma tana yi in an katse mata layi. Tazarar baki da makirfo santimita 15 zuwa 20, kamar taƙi guda, a ɗan karkatar da shi gefe don kada iskar f da b ta riƙa dukansa. A manhajar Audacity, wadda kyauta ce, a zaɓi 44.1 kHz, 16 bit, mono. Ƙololuwar murya kada ta haura -3 dB, shirun ɗaki kuma ya kasance ƙasa da -60 dB. Kafin a fara a naɗi shirun ɗakin na daƙiƙa 20. Da shi ake cike gurbin da aka yanke, domin shiru na dijital tsantsa yakan sa mai sauraro ya zaci batir ne ya mutu.

Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na zama ne ko na tuwo, "wuya" na jiki ne ko wahala, "fari" launi ne ko rashin ruwa, sai jimla ta nuna. Mai karatu ya bi babin da fensir kafin ya zauna gaban makirfo, ya yi wa irin waɗannan alama. Kada ya kwaikwayi muryar jarumin fim ɗin, kada kuma namiji ya matse murya wai yana yin mace; ɗan sauyin nauyi da sauri ya isa a gane mai magana. In ya yi tuntuɓe ya tafa hannu sau ɗaya ya maimaita jimlar daga farko, tafin zai fito kamar tsinin mashi a allon kwamfuta, mai gyara ya same shi nan take. Minti 45 a huta. Da hunturu a ajiye ruwan ɗumi kusa, busasshen baki ƙas-ƙas yake yi a makirfo.

Mai karatu a natse yakan ci kalmomi wajen 150 a minti, wato littafi mai kalmomi 40,000 zai ba da kusan awa huɗu da rabi, kuma kowace awa guda takan ci awa huɗu zuwa shida na aiki. A adana asalin a WAV, a raba a MP3 mai 64 kbps, wanda ke cin kusan megabayit 29 a awa. Babi ɗaya fayil ɗaya, a fara kowanne da faɗin sunan littafi da lambar babi. Sunayen fayil su fara da 01, 02, 03, in ba haka ba waya za ta sa babi na 10 gaban na 2. Wasu ƙananan rediyoyi masu cin memori ma ba sa duba suna, jerin da aka kwafa suke bi, don haka a kwafa ɗaya bayan ɗaya. Mai son a iya tsallakawa zuwa shafi ko babi ya yi sigar DAISY, wato tsarin littafin murya na makafi, da manhajar Obi, ita ma kyauta ce.

Braille

Tsarin da Louis Braille ya wallafa a Faransa a 1829 gida ne mai ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, yana ba da alamomi 63. Najeriya ta karɓi tsarin Braille na Turanci na bai-ɗaya a 2005, kuma nan kuskure mafi yawa yake faruwa: a zuba rubutun Hausa a manhaja alhali tana kan Turanci mataki na biyu, mai taƙaita kalmomi. Sai ta ga "and" a cikin "sanda" ta dunƙule shi gida ɗaya, ta ga "ar" a "gari" ta yi haka. A zaɓi teburin Hausa, wato tsarin fassarar Hausa na cikin manhajar, marar taƙaitawa. Kafin a buga komai, a fitar da shafi ɗaya mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ, 'y, sh da ts, a kai wa malamin Braille a makarantar makafi, irin ta Gindiri a jihar Filato da ke aiki tun 1953, ya tabbatar alamomin su ne waɗanda aka koya wa ɗalibai.

Babban shafi, mai inci 11 da rabi a faɗi da 11 a tsaye, yana ɗaukar gida 40 a layi 25, gida dubu ke nan. Littafin nan mai kalmomi 40,000 zai haura shafi 200, shi ya sa ake neman injin da ke buga gaba da baya, a kuma raba shi juzu'i-juzu'i. Takarda ta zama mai nauyin giram 120 zuwa 160. Ta ofis mai giram 80 ɗigonta kan kwanta bayan karatu kaɗan, ko ta huje. A ɗaure da zoben roba don littafin ya kwanta shimfiɗe, a ajiye shi a tsaye, nesa da danshi, kada a ɗora masa kaya. Keken Perkins, wato tafiretar Braille, kwafi ɗaya yake fitarwa. Allo da tsinke, da ake rubutawa daga dama zuwa hagu don a juya a karanta, ya fi dacewa da lakabin bango. A riƙe fayil ɗin BRF, wato wanda manhaja ta riga ta mayar Braille, don masu na'urar Braille ta lantarki. Mai duba na ƙarshe makaho ne da yatsunsa, wani na karanta masa na boko.

Hoton da ake taɓawa

Bangon littafi da fostar fim su ma zane ne. Gidan tarihin Prado da ke Madrid ya mayar da zane shida masu tudu a 2015, a Ancona ta Italiya kuma akwai gidan tarihin Omero inda taɓawa ce ƙa'ida. A gida ba sai an kai can ba. Takarda mai kumbura ana buga mata baƙin zane a bi da ita ta injin zafi, baƙin ya tashi. Tawadar dole ta ƙunshi gawayi, in babu ba za ta kumbura ba. In babu injin, kwali mai kauri da gam sun isa: zaren ulu don layi, sanfefa don ƙasa, guntun fata, yadi da kaba.

Kada a kwafi hoto yadda yake. Yatsa bai san nesa da kusa ba, ba ya gane inuwa, kuma mutumin da ya tare rabin wani a hoto, a yatsa mutum ne mai rabin jiki. A raba su, a zubar da duk abin da ba dole ba. Tsakanin layi da layi a bar aƙalla milimita uku, nau'in laushi da kaushi kada ya wuce biyar, a yanke kusurwar dama ta saman takardar don a san inda sama take. A haɗa da bayanin minti ɗaya ko biyu da ke fara faɗin hoton dunƙule, sannan ya ja hannu daga wuri zuwa wuri. Launi ma a faɗe shi, domin makafi da yawa sun taɓa gani. Inda labarin ya ambaci aska takwas a gaban riga, sassaƙar ƙwarya ko dagin da ke jikin soro, ainihin abin ko guntunsa ya fi kowane kwafi.

Gwaji shi ne a miƙa wa makaho hoton ba tare da an gaya masa komai ba sai sunansa. In ya yi minti biyu bai gano inda kan mutumin yake ba, a rage layuka a sake.