Sauya gefen baya na tsohuwar Peugeot 504

Madigadin gaba da noti aka ɗaure shi, kwancewa kawai za ka yi. Gefen baya kuwa, daga bakin ƙofa zuwa fitilar baya, da walda aka haɗa shi da bodi, shi ya sa aikinsa ke buƙatar natsuwa. Idan lotsewa ce kaɗan, a buga a miƙar. Sai tsatsa ta cinye bakin ƙarfen da ke saman taya, ko ƙarfen ya yage, sannan ake maganar sauyawa.

Tunda a da an daɗe ana haɗa 504 a Kaduna, ana iya dace da gefen da aka yanko daga matacciyar mota a kasuwar Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka sa a yanko maka da rarar santimita 5 ta kowane ɓangare, kuma ka leƙa cikinsa, don ta can tsatsa ke farawa.

Kafin wuta ta taɓa motar, cire batir, sauke tankin mai, kwashe kujerar baya, kafet, wayoyi, bamba da fitila. Ka bar ƙofa da murfin but a wurinsu, su ne ma'auninka. Motar ta tsaya daidai a kan tayoyinta. In ka ɗaga gefe ɗaya da jak, bodin zai murɗe, a haka kuma za ka liƙe shi.

Goge fenti a bakin haɗi, ɗigon waldar kamfani zai fito. Huda kowanne da bakin dirila mai milimita 8, amma ƙarfen sama kaɗai, kada ka ratsa na ƙasa. Wurin yanka da giranda, guji tsakiyar fili. Yanka kusa da layin lanƙwasa, inda ƙarfen ke da ƙarfi, zafi ba zai karkatar da shi ba.

Ɗora sabon a kan tsohon, ka matse, ka zana layi, ka rage shi kaɗan kaɗan har tsakaninsu ya zama kamar milimita 1. Rufe ƙofa ka duba: tazarar ta zama milimita 4 zuwa 5 daga sama har ƙasa.

A nan ne mafi yawan aiki ke lalacewa. Kaurin ƙarfen bai wuce milimita 1 ba, ba ya jure zafi. Wanda ya ja walda a miƙe, gefen zai yi tudu da kwari, ba bodi filar da za ta ɓoye shi. Ɗigo ɗigo ake yi: ɗaya a nan, ɗaya can nesa, a bari ya huce har ka iya dafa shi da hannu, sannan a cike tsakani. Kada a zuba ruwa, yana sa ƙarfen ya tsuke. Injin MIG, wato injin walda mai turo waya da kansa, da waya mai milimita 0.6 ya fi dacewa. Waldar gas tana yi, amma zafinta yana bazuwa, sai an bi ta da guduma da maƙera ta hannu tun da ɗuminta.

Goge waldar a hankali, don giranda ma tana ɗumama ƙarfe. Haska tocila ta ciki. Duk inda haske ya ɓullo, rami ne, a cike shi. Fesa firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, sannan fila wadda ba ta wuce kaurin milimita 3 ba, a bi da samfefa 80, 180, sai 320.

Ɓangaren bayan waldar, ta cikin but da saman taya, shi ma a shafa masa firaima, a toshe haɗin da sila (gam mai hana ruwa shiga), a fesa kakin hana tsatsa. In an bar shi tsirara, damina ɗaya ko biyu fenti zai fara ƙuraje a kan layin waldar.