Yadda ake koya wa ƙananan yara sautukan Turanci

Abu na farko da nake roƙon duk wanda zai koya wa ƙaramin yaro karatun Turanci shi ne ya ɗan ajiye rera ABCD tukuna. Tana da ranarta, amma sunayen haruffa take koyarwa, kuma da suna ba a karanta kalma. Yaron da ya haddace "si, e, ti", in ka rubuta masa cat sai ya tsaya yana kallonka, don duk yadda ya juya sunayen nan uku ba za su ba shi kalmar ba. Abin da yake buƙata shi ne sautin da kowane harafi ke yi, da yadda ake haɗa su. Wannan hanya ita ake kira foniks.

Turanci na da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kimanin 44. Shi ya sa aikin yake son tsari. Kada ka bi jerin haruffa daga a zuwa z. Tsarin Jolly Phonics, wanda littafinsa na malamai ya fito a Ingila a 1992, ya kasa sautuka 42 gida bakwai, kuma ya fara da s, a, t, i, p, n. Dalilin a fili yake: da waɗannan shida kaɗai yaro zai karanta sat, pin, tap, sit, pan, tin da ant. Tun a makonnin farko ya ga cewa shi ma yana iya karatu, kuma wannan jin daɗin shi ke dawo da shi gobe.

Minti goma sha biyar zuwa ashirin a rana sun isa, amma kullum. A maimaita na jiya, a kawo sabon sauti ɗaya, yaro ya ji shi a bakinka, ya faɗa, ya zana harafin da yatsa a iska sannan a takarda, a ƙare da haɗa kalmomi biyu ko uku.

Inda na fi so ka tsaya ka lura shi ne wutsiyar wasali. Mu da muka taso da Hausa bakinmu ya saba bin baƙi da wasali, kuma kalmarmu ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere. Saboda haka malami da kansa sai ya ce "sa" a maimakon s, ya ce "ta" a maimakon t, bai ma ji ba. Yaro kuwa abin da aka ba shi zai haɗa: sa, a, ta, sai ya fito da "sata", alhali sat aka rubuta. Laifin ba nasa ba ne. Gyaran yana farawa daga bakinka. Sautukan da ake iya ja, irin s, m, n, f, l, z, ka ja su da tsawo ba tare da ka buɗe baki a ƙarshe ba: sss, mmm. Waɗanda ba sa jawuwa, irin t, p, k, ka faɗe su gajeru, kamar raɗa, ka yanke nan take. Ka ɗauki muryarka a waya ka saurara kafin ka shiga aji. Mutane da yawa sai a nan suke fara jin wutsiyar.

Wajen haɗawa, fara da kalmomin da sautin farkonsu ke jawuwa. Sat ta fi tap sauƙi, don kana iya cewa sssaaat numfashi bai yanke ba, sannan ka riƙa sauri har kalmar ta fito. Ni nakan ajiye marafan kwalba uku a kan tebur, yaro ya tura ɗaya gaba a kowane sauti, sannan ya ja yatsa a ƙarƙashinsu ya faɗi kalmar gaba ɗaya. Bayan nan a juya: ka ce pin, shi ya rarraba ta, murfi ɗaya sauti ɗaya. Rarrabawar nan ita ce tushen iya rubutu, kada a bar ta a baya.

Da marafan nan ake maganin "sitop" da "sukul", wato yadda yara ke faɗin stop da school. Kada ka ce wa yaro ya daina sa wasali, ba zai gane abin da kake nufi ba. Ba shi top ya karanta, sannan ka sa shi ya ja sss ya faɗa cikinta kai tsaye: ssstop. Haka pin ta zama spin, lip ta zama slip. In ya sa wasali, tambaye shi marafai nawa ya tura. Huɗu ne, to ina na biyar ɗin ya fito?

Akwai sautukan da sai an nuna su da jiki. Tsakanin p da f, riƙe ƴar takarda a gaban baki: a p leɓe biyu ne ke haɗuwa su fashe, takardar ta yi tsalle sau ɗaya, a f haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, iska na ta fita. Sa yara su gwada pan da fan, pin da fin. Daga f ake zuwa v: bakin na nan yadda yake, sai dai a ɗora yatsa a maƙogwaro a ji yana rawa. Da haka van za ta rabu da ban. Shi kuma th, madubi yake so. Yaro ya ga bakin harshensa ya leƙo tsakanin haƙora, in ba haka ba think za ta koma sink. Suna dariya sosai a wannan darasi, ƙyale su.

Wanda ya riga ya fara karatun Hausa zai ga c ya karanta cat kamar chat. Faɗa masa a fili cewa a Turanci c yawanci sautin k take yi, sautin da ya sani kuma ch ne ake rubuta shi. Amma sh kyauta ce, ya zo da ita daga gida.

Wasula sun fi wuya, don Hausa biyar take rubutawa, Turancin Ingila kuwa yana da sautukan wasali kusan 20. A nan kunne ake fara gyarawa kafin baki. Manna hoton jirgin ruwa a bango ɗaya, na tunkiya a ɗaya, ka ce ship ko sheep, yara su nufi wanda suka ji. Sai sun daina ɓata sannan ka nemi su faɗa. Haka za a yi wa cat, cut da cot.

Wasu kalmomi ba sa bin ƙa'ida, irin the, said, was, one. Koyar da su kaɗan-kaɗan, ka nuna wa yaro ɓangaren da ya saɓa, sauran ya karanta da sautinsa.

Ta yaya za ka san karatu yake yi ba hadda ba? A Ingila, bayan rahoton masanin ilimi Jim Rose na 2006 ya ba da shawarar a koyar da foniks bisa tsari, an fara wani gwaji a 2012 ga yara masu kimanin shekara shida: kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma'ana. Kai ma kana iya yin naka da irin su vap, fip, zat. Wanda ya haddace siffar kalma zai tsaya cak, wanda ya san sauti zai wuce. Ka dai gaya musu tun farko cewa sunayen dodanni ne, don kada su tsaya neman ma'ana.

A kalmomin gaskiya kuwa ma'ana wajibi ce. Yaron da Turanci ba harshen gidansu ba ne zai iya karanta nap daidai bai san me ya faɗa ba, don haka nuna hoto, ko ka kwatanta, ko ka faɗa masa da harshen da yake ji. Batun karin harshe kuma, ni ban damu yaro ya yi magana kamar ɗan Landan ba. In mai saurare ya bambance pan ɗinsa da fan, ship ɗinsa da sheep, ka wuce zuwa sauti na gaba.