Yadda ake jera buhuna a kan gadon katako a sito

Tun shigowar kaka manoma daga Ringim har Gezawa ke tambayata me ke sa gadon ajiya lanƙwashewa alhali buhunan ba su da yawa. Sau tari laifin jerin ne, kafinta dai ake ɗora wa.

1. Ƙwanƙwasa ƙafafun gadon. Wadda gara ta ci, sauya ta.
2. Sa bulo ƙarƙashin kowace ƙafa, gadon ya zauna daram.
3. Fara da manyan buhuna masu kilo 100, dawa ko masara, daidai saman ƙafafu.
4. Kwantar da su gicciye, kowane buhu ya hau katako uku.
5. Bayan haka cike tsakiya da marasa nauyi.

Hattara, nan ake ɓarnar: nauyin da aka tara a tsakiyar katako yana matsa masa ninki biyu na wanda aka baza a tsawonsa duka.

6. Sahu na biyu ka saɓa shi, kamar jerin bulo.
7. Hana yara jefo buhu daga ka, a sauke a hankali.
8. Bayan kwana biyu tsuguna ka leƙa ƙasa. In katako ya yi ciki, rage kaya ka ƙara ƙafa a wurin.