Yadda za ka zaga Cinque Terre idan jirgin ruwa ya tsaya a La Spezia

Kar ma ka ɓata kuɗinka wajen ɗaukar tasi, ƙauyukan nan biyar na gaɓar tekun Italiya da ake kira Cinque Terre ba a barin motar baƙi ta shiga cikinsu. Jirgin ƙasa za ka hau daga tashar La Spezia, kusan minti goma ka isa Riomaggiore, ƙauyen farko. Ka sayi Cinque Terre Card, irin wanda ya haɗa da tikitin jirgin ƙasa, ka dinga sauka kana hawa yadda kake so.

Ka yi sammako don Allah, da rana ta take Vernazza cika take maƙil, ba masaka tsinke, lungunan kuma ƙanana ne sai kafaɗa na gogar kafaɗa. Ƙauye biyu ko uku sun ishe ka. In gwiwarka na ciwo ka tsallake Corniglia, matakala sama da 300 ce daga tasha. Ka juyo da wuri, jirgin ruwa ba ya jiran kowa.